Yadda Ake Ganinsu Daga Kan Gado

Tun kafin mu fita daga gida na san in abin zai ɓaci, ta hannuna zai ɓaci. Matata ma ta faɗa mini. Tana miƙo mini hula ta ce in na san bakina ba zai zauna wuri ɗaya ba, gara in tafi shago in bar ta ta raka yarinyar. Na ce mata ni ba ƙaramin yaro ba ne. Ta ce ai da ƙaramin yaro ne da sauƙi, alewa za a ba shi ya yi shiru.

Yarinyar da ake magana 'yata ce ta fari. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiranta Uwata. Zane ne aikinta, a wani shagon buga takardu, ita ke tsara musu katin gayyata da allunan talla. Ni kuwa fanka nake gyarawa, da dutsen guga, da duk wani abin wuta da aka gaji da shi a gida.

A farkon shekarar nan ciwo ya same ta. Barci ne ya fara ƙaurace mata, sai magana ba tsayawa, daga baya kuma ta yi shiru kamar an rufe famfo. Muka kai ta asibitin koyarwa, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, ta kwanta makonni. Da aka sallame ta aka ɗora ta kan magani, aka ce ta riƙa zuwa ganin likita wata-wata. Ta samu sauƙi, har ta koma aiki. Ana nan sai ranar ganin likita ta zo, ta ce ba za ta je ba.

Na yi lallashi, na yi faɗa, uwarta ta yi kuka. Da ta gaji da mu sai ta faɗi dalilinta. Ta ce ba maganin ta ƙi ba, kuma ba ta ce ta warke ba. Abin da ba za ta sake jurewa ba shi ne a zagaye ta. A asibitin nan duk inda babbar likita ta sa ƙafa ɗalibai na biye da ita, su tsaya a kanka da fararen riguna, su tambaye ka ko kana jin muryoyi, ko ka san yau wace rana ce, suna rubutawa. Ta ce tsawon kwanciyarta ba wanda ya dubi fuskarta. Akwai wata ɗaliba da ta roƙa ta kawo mata fensir, ta ce to, daga ranar ba ta sake matsowa kusa da gadon ba.

"Fayil ɗina suke so su gani, Baba," in ji ta. "Ka kai musu shi, su gaisa."

Maganin da ke hannunta yana ƙarewa, kuma an gargaɗe mu cewa in aka yanke shi kwatsam ciwon na iya dawowa fiye da da. Na ga yadda yake a karon farko, ban yi niyyar sake gani ba. Sai na rufe shago na tafi asibitin ni kaɗai. Mai ba da magani ya ce ba zai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba sai likita ta ga mai ciwon. Na nemi likitar, wata nas ta ce in hau sama, ɗakin ƙarshe, tana aji.

Ƙofar a buɗe take. Na leƙa na ga ɗalibai zaune, ba mai magana, ba mai rubutu, duk sun zuba wa bango ido. Har na fara tunanin ko rasuwa aka yi musu. Ashe hoto suke kallo, na wata tsohuwa zaune a bakin gado da takalmi ɗaya a hannu. Na tsaya har ƙafata ta gaji ba wanda ya ce uffan. A raina na ce, mu muna can muna neman magani, su suna nan suna kallon hoto.

Da aka tashi na tare likitar. Gajeruwa ce, ta manyanta, tabaraunta na rataye da igiya a wuya. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Ta ce abin da 'yata ta faɗa ba ƙarya ba ne, kuma saboda shi take wannan ajin. Ɗalibanta sun iya haddace sunayen cututtuka, amma da sun ga mutum sai su yi sauri su liƙa masa suna su huta. Shi ya sa take zaunar da su gaban zane, ta hana su magana sai sun gaji da kallo. In sun fara magana kuma ba a yarda kowa ya ambaci sunan ciwo ba, abin da idonsa ya gani kawai zai faɗa.

Nan na tuna da wani zane da na gani a ɗakin Uwata ranar da na shiga duba mata fanka. A bayan ƙofa ta manna shi, babba, da baƙin fensir. Uwarta ba ta son ganinsa, ta ce yana sa ta faɗuwar gaba. Na ba likitar labarinsa, na ce gobe-goben nan zan kawo mata. Ta ce a'a. Zanen ba nawa ba ne, in mai shi ta yarda ita za ta faɗa da bakinta.

Na koma gida na fara bin Uwata. Ban taɓa bin wani abu a rayuwata kamar yadda na bi maganar nan ba. In ta dawo aiki ina tsakar gida, in ta fito da safe ina bakin ƙofa da kofin shayi. Ta ce na zama kamar mai tallan inshora. Rannan muna zaune, ina naɗa wayar wata fanka da na taho da ita daga shago, sai ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. Za ta je ajin da kanta, ta zauna a baya kamar baƙuwa, kada a faɗi sunanta, kada a nuna ta. In mutum ɗaya a cikin ɗaliban ya tuna da ita da kansa, za ta koma ganin likita. In ba wanda ya tuna, in daina yi mata maganar asibitin nan har abada.

"Kai kuma, Baba, ko tari ban yarda ka yi ba."

Na ce na ji, na yarda.

Likitar ba ta so sharaɗin ba. Sun yi magana da Uwata ta waya, ina jin ana cewa ba daidai ba ne mutum ya rataya lafiyarsa a kan ƙwaƙwalwar ɗalibai, waɗanda ko inda suka ajiye biro ba sa tunawa. Uwata ta ce ita dai sharaɗinta ke nan. A ƙarshe likitar ta ce to, rukunin ɗaliban da suka yi zagaye a ɗakin da Uwata ta kwanta su ne ke ajin a wannan zangon, ta zo. Amma duk yadda aka tashi, ƙofar ofishinta a buɗe take. Ni kuma ta ce a gaya mini shirun ajin nan yana da tsawo, kuma 'yan uwa sun fi kowa kasa jure shi.

Muka isa kafin a fara. Muka zauna a kujerun baya kusa da taga. Uwata ta sa kayan da take zuwa aiki da su, ta ɗora jaka a cinya. Ɗaliban suka shigo suna hira, wasu suka gaishe mu da kai, irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka tarar a layin banki. Likitar ta ce yau akwai baƙi da za su saurara, kuma wanda ya yi zanen ya ba da izini a kalla. Ta warware takardar ta manna a allo.

A gida ban taɓa tsayawa na kalle shi sosai ba. Daga kwance aka zana shi. Can sama fankar silin ce, fiffikenta ɗaya ya ɗan lanƙwashe, na tabbata tana ƙara in tana juyawa. A ƙasa ƙafafu biyu ne a cikin zanin gado. Tsakaninsu kuma mutane ne tsaye sun yi da'ira, duk da fararen riguna, dogaye kamar za su faɗo maka. Babu mai fuska ko ɗaya. Duk inda fuska ya kamata ta kasance, bayan fayil ne a buɗe.

Aka yi shiru. Ina jin agogon bango, ina jin wata mota tana ta ƙoƙarin tashi a waje. Na dubi Uwata, idonta na kan ƙeyar ɗaliban.

Da likitar ta ba da dama, wani dogo da ke gaba ya fara. Ya ce a ganinsa mai zanen yana jin ana ƙulla masa makirci, yana ganin mutane sun taru a kansa za su cutar da shi, kuma wannan sananniyar alama ce. Har ya buɗe baki zai faɗi sunan ciwon, likitar ta ɗaga hannu.

"Me ka gani a jikin takardar da ya sa ka ce haka?"

Ya ce ai ba su da fuska. Ta ce to, abin da ya gani ke nan, sauran daga littafi ya ɗauko. Wani mai ƙaramin gemu ya ce rashin fuskar yana nuna mai zanen ya daina ɗaukar mutane a matsayin mutane, zuciyarsa ta bushe. Na ji Uwata ta ja numfashi. Hannunta ya matse igiyar jaka har jijiyoyi suka fito. Na cije leɓe, na dafe gwiwata da hannu biyu.

Likitar ta ce su taso su matso. Suka taru gaban allo. Wata siririya mai cizon farce ta sunkuya tana duba hannayen da ke riƙe da fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Can ta juya ta kamo hannun dogon nan ta ɗaga. Agogonsa a juye yake ɗaure, fuskar na ta cikin hannu. Haka yake a zanen, har da inda fatar agogon ta tsage.

"Malam mai makirci," in ji ta, "ga ka nan."

Aka yi dariya. Mai gemu ya gano aljihunsa da tabon tawada, wata ta gano zobenta, siririyar ta ga babban yatsanta da farcen da ta cinye. Kowa na neman kansa kamar an kawo hoton makaranta, ana zolayar juna, wannan ya ce an ƙara masa tumbi, wancan ya ce ai an rage masa ma. Sai dariyar ta fara mutuwa da kanta. Likitar ta sa tabarau ta duba, ta nuna wata gajeruwa a gefe mai igiya a wuya. Ita ba fayil ne ya rufe ta ba, ta juya ne, ƙeyarta kawai ake gani. Ta ce ga ta nan ita ma, ba gadon take kallo ba, su take kallo ko sun yi karatu.

Dogon ya koma kujerarsa. Ya ce shi dai a bar shi ya faɗi gaskiya. Fayil ɗin nan ba don raini suke ɗaga shi ba. In ka sauke shi, malama za ta haɗa ido da kai ta jefo maka tambaya a gaban kowa. In kuma ka dubi mai ciwon, shi ma idonsa tambaya yake yi, ko zai warke, ko zai koma yadda yake, kai kuma ba ka da amsa. Ya ce akwai ranar da ya fita daga ɗakin nan ya shiga banɗaki ya daɗe bai fito ba. Ba wanda ya yi masa dariya. Na lura Uwata ta ɗan matso gaba a kujerarta, ta saki igiyar jakar.

Sai likitar ta sa yatsa a ƙasan takardar.

"Kun ga kanku. To, ƙafafun nan na wane ne?"

Shiru ya dawo, wanda ya fi na farko nauyi. Wani ya ce ɗakin mata ne, don labulen tagar irin nasu ne. Wata ta ce ko matar nan ce mai yawan waƙa, aka ce a'a, gadonta na can ƙurya. Siririyar ba ta koma ta zauna ba. Tana tsaye dab da allo, ta sa yatsa a baki, tana duban gefen zanen inda aka nuna bakin ƙofa. Leɓenta na motsi amma ba abin da ke fita.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Ni dai na san abin da ke yawo a kaina: ranar da muka kai Uwata asibitin nan, yadda ta riƙe ƙarfen gado ba ta gane ni ba. Na ga likitar ta dubi agogo. Na ga wani ya fara tura littafi a jaka. Na ce a raina yanzu za a tashi, shi ke nan, na yi alkawarin ba zan sake yi mata maganar ba. Yarinyar nan ta kusa, kaɗan ya rage mata, in aka ɗan tura ta za ta ƙarasa.

"Wadda ta ce a kawo mata fensir," na ji bakina ya faɗa.

Ban ɗaga murya ba, amma a ɗakin nan kamar na jefar da faranti. Duk suka juyo. Suka dube ni, sannan suka dubi wadda ke gefena. Siririyar ta cire yatsa daga baki. Likitar ta rufe ido na ɗan lokaci.

Uwata ta miƙe, ta rataya jakarta, ta ce wa likitar ta gode, ta fita. Ba ta yi sauri ba, ba ta buga ƙofa ba.

Na same ta a ƙasa, kan wani benci kusa da inda ake ajiye motoci. Na zauna a ɗaya ƙarshen. Na fara cewa ai na ga za a tashi ne, ta ce ta sani. Na ce ai yarinyar ta riga ta gano, ta ce to da na bar ta mana. Muryarta ba ta tashi ba, kuma na fi son a ce ta yi mini tsawa.

"Kullum haka kake, Baba. Abin da ba a kawo maka gyara ba ma sai ka kwance shi."



Muna nan sai ga siririyar ta sauko, ta cire farar rigar ta riƙe a hannu, ɗaya hannun kuma zanen ne a naɗe. Ta gaishe ni, ta ce sannu Baba, sannan ta tsaya gaban Uwata kamar mai jiran a ba ta izinin zama. Uwata ta janye jakarta, ɗalibar ta zauna.

Ta ce ta tuna fensirin. A ranar ta je ta tambayi nas, aka ce ba a shiga da abu mai tsini ɗakin nan. Sai ta rasa yadda za ta dawo ta ce an hana, bayan ta riga ta ce to. Washegari ta ɓuya a bayan dogon nan, jibi ma haka, har abin ya yi mata nauyin da ba ta iya duban gadon. Uwata ta ce da ta zo ta ce an hana, da shi ke nan, ita ma ta san ba a gidan biki take ba. Ɗalibar ta ce haka ne. Uwata ta dubi hannunta ta ce har yanzu ba ta bar farcen nan ya huta ba. Ɗalibar ta ce jarrabawa ta kusa, in an gama za ta ba shi hutu.

Sai Uwata ta juyo gaba ɗaya ta dube ta.

"Ki gaya mini gaskiya. Da bai yi magana ba, da kin tuna?"

Na ƙura wa yarinyar ido. Da ana roƙo da ido, na roƙe ta. Kalma ɗaya ce, ta ce e, mu tashi. Ta daɗe tana juya takardar a hannu.

"Ban sani ba, Yaya," in ji ta. "Na gano gadon. Na tuna mai shi ba ta cin abinci sai kowa ya gama. Amma fuskar ba ta zo mini ba tukuna. Wataƙila da ta zo, wataƙila kuma a tashi ba ta zo ba."

Raina ya ɓaci da ita a lokacin, ba zan ɓoye ba. Uwata kuwa kai kawai ta gyaɗa. Ɗalibar ta miƙo mata zanen, ta ce malama ta ce a kawo mata kayanta. Uwata ba ta karɓa ba.

"Ki mayar. Ba ku gama kallo ba."

Da muka shiga gida uwarta ta dubi fuskata, ta dubi tata, ba ta tambayi komai ba, ta dai ce ruwa na nan a randa in wani na son ya wanke fuska. Da yamma na ji su a ɗaki suna magana ƙasa-ƙasa. Na wuce ta ƙofar sau da yawa ban tsaya ba.

Likitar ta kira ni washegari. Na zaci faɗa za ta yi, sai ta ce ta sa sunan Uwata a farkon layi ranar asibiti mai zuwa, kuma in ta zo ba wanda zai shiga ɗakin sai wanda ta yarda da shi. Ta ce in isar da saƙon sau ɗaya, in bar shi a nan. Na isar sau ɗaya, muna shan shayi. Uwata ta ce ta ji, ta ci gaba da shafa wa burodinta mai.

Na riga na gaya wa masu kaya a shago cewa ranar ba zan buɗe da safe ba. Zan yi wanka da wuri, in sa kaya, in zauna a tsakar gida inda za ta gan ni in ta fito. Ba zan ce mata mu tafi ba. In ta nufi wurin aiki zan bar ta ta wuce, in sake zama a wata mai zuwa, in kuma nemi likitar mu ga ko akwai wata hanya. Sharaɗin dai ni na lalata shi, ba a ci ba, ba a faɗi ba, kuma ba ta ce mini ga yadda ta lissafa shi ba. Ranar asibitin jibi ce. Ban san ko za ta je ba.